Zoɓona da Gorar Madam Ngozi

Har gobe ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikar Iya Basira ba. Iya maƙwabciyata ce a Fagge, tana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ni ta ba aikin zoɓon taron gaba ɗaya. Ta ce in na fitar da ita kunya, duk bikin da ƙawayenta na kasuwa za su yi, ni zan yi musu. A lokacin kuwa ji nake duk Kano babu mai hannuna.

Matsalar ɗaya ce, gorar da zan ɗura. Ni mace ce mai tattali (maigidana maƙo yake kiransa), don haka na tafi Sabon Gari wajen masu tsinto gorunan ruwa, na sayo buhu guda. Na ɗauraye su da tafasasshen ruwa har wasu suka lanƙwashe, na ɗura zoɓo, na jera cikin ƙanƙara.

Taro ya yi taro, kowa yana santi, ni ina ta washe baki. Sai na hango Madam Ngozi, wata nas ƙawar Iya, tana jujjuya gora a hannu. Na matsa kusa don in karɓi yabona.

"Maman Sadiya, ina kika samo wannan gorar?"

"Sabuwa fil, daga kamfani," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba.

Ta nuna wani ɗigon jan farce a murfin. "Ni na ɗiga wannan da hannuna lokacin da na yi taifot, don kada yarana su sha da ita. Watan jiya na jefa ta a bola."

Wata Hajiya da ta cika baki da zoɓo ta rasa haɗiyewa za ta yi ko tofarwa. Madam kuwa ta gyara tsayuwa ta shiga bayani: irin wannan roba don sha ɗaya aka yi ta, in ta karce ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a ciki, zafi kuma yana iya sa ta saki sinadari cikin abin sha. Ni da nake taƙama da tafasasshen ruwana!

Iya ta dube ni sama da ƙasa. "Sabuwa fil, ko?"

Wallahi kunya kamar in nutse.

Allah ya rufa asiri babu wanda ya kwanta, amma mako guda na yi ina bugun waya ina tambayar mutane lafiyar cikinsu. Bukukuwan ƙawayen Iya kuwa ko ɗaya ban gani ba. Yanzu sabbin goruna nake saya, kuma ko ƙarya zan yi, sai na fara duba murfi.