Shafin Da Na Tsallake

Na samo wani bincike kan motsa jiki kyauta a intanet, na buga, na raba wa malaman wasanni na Tambuwal da Kebbe a filin makarantarmu. Har sabuwar shadda na sa, sai ka ce ni na rubuta shi.

Shafin farko ya ce a ɗumama jiki tukuna. Na ce wannan na yara ne, na tsuguna in nuna tsallen kwaɗo. Ƙuguna ya ce ƙas! Tashi ya gagara.

Wani malami daga garin Fakku ya duba takardarsa a tsanake. "Malam, wanga zama a wane shafi shi ke?"

A baro aka kai ni ofis. Har yau ko alwala zan tsuguna in yi, sai na ji an ce, "Malam, ka ɗumama?"