Ranar da na je neman auren Ramatu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na fara koyarwa a wata makaranta a unguwar Kotobabi ba. Ina karantar da yara wani tsohon littafin Turawa, wanda budurwar cikinsa ba ta taɓa cewa tana so ba. Sai dai in saurayin ya shigo ta sunkuyar da kai, allura ta suɓuce mata. Kullum ina buga tebur ina cewa, "Ku dubi abin da ta yi, ku bar abin da ta ce!" (A ganina duk unguwarmu ta Nima babu wanda ya kai ni sanin zuciyar mace.)

To, akwai Ramatu, mai taya uwarta sayar da koko a bakin layinmu. Shekara biyu ina son ta, ban furta ba. Ko a ƙoshe nake sai na tsaya na sha koko, don kawai in ji sunana a bakinta.

Kwatsam sai ta canza. Ta daina kiran sunana. In na doso sai ta ja mayafi, ta rusuna ta gaishe ni, ta miƙa wa uwarta ludayi ta shige gida. Na ce shi ke nan, ga littafi ya fito fili!

Ran Juma'a na saka farar rigata, na sami uwata, Mma, a tsakar gida ita da ƙanwar babana, Goggo Azumi, suna tsintar goro. Na yi gyaran murya na ce a je a nema mini Ramatu. Har hujjoji na jero musu, kamar ina aji.

Goggo ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ei, Ticha! Wannan goro na ƙaninka Salisu ne, gobe za a kai gidan su Ramatu. Kai yanzu wan miji ne, ina za ta kira sunanka?" (Wai a gabana aka yi maganar, ina can na duƙufa kan takardun yara.)

Mma ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce a hankali, "Shekara nawa kana shan kokon nan? Me ya hana ka magana?"

Da ni aka kai goron. Na yi wa Salisu murna, amma wallahi har yau in na tuna, abin yana yi mini ciwo.

Na dai koyi darasi: budurwar littafi ce ke jira har shafin ƙarshe. Salisu ko firamare bai gama ba, amma shi ya buɗe baki ya tambaye ta.