Ranar da Na Je Korar Mai Jita

Kwana tara da fitata takabar maigidana, wanda har yau nake kukansa, maƙwabta suka ɗauko mai jita daga Yamai don bukin ɗiyarsu. Na jawo sandata, na ce yau sai na tsinke masa wayar jitar.

Uwar amarya ta tare ni. "Inna, lafiya?"

"Matsa, yanzu za ki gani."

Na ratsa taron har gabansa. Ina ɗaga sanda, ya ja wata waya, ta yi wani kuka da ya shiga ƙirjina. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, duk garinmu Filinge na kallo.

Tun ranar, ko bukin wa ake, sai jikanyata ta leƙo tana tsokanata: "Kaka, taho ki kori makaɗan, wurin ya yi sanyi."