Motar Surukina

Gyaran keke ne sana'ata a Wudil, amma da giyar motar surukina ta lalace, irin ta Amurka mai sauya kanta, sai na bugi ƙirji.

"Baba, kada a kai ta Kano. Ai keke ne babba."

Kwana tara ina baje kayan giyar a tabarma. Da na haɗa, ƙarafa uku suka rage. Na ce ɓarnar Turawa ce kawai.

Maƙwabta suka taru, Baba ya shiga da babbar riga, ya saka giyar gaba. Motar ta zabura baya, ta rushe rumbuna. Ya fito yana karkaɗe dawa, ya ce, "Sannu da aiki."

Har yau Malam Ribas ake kirana. Jikokina ma da baya suke shigowa gaishe ni.