Watandar Kwamfutar Hansai

A wani daji da sabis ɗin waya ya riga ruwan famfo isowa, akwai wata kurege mai suna Tabawa, wadda ta yi damina biyu tana sayar da gyaɗa har ta saya wa 'yarta Hansai kwamfuta. Hansai shekararta goma sha biyar, kuma a wasan tseren motoci na kwamfuta babu mai kama ƙafarta. Ƙungiyar matasa ta sa ta cikin 'yan wasa huɗu da za su kara da dajin ƙetare, bisa sharaɗi ɗaya: ta shiga gwaji da kwamfutarta kafin la'asar ɗin Juma'a, in ba haka ba a ba wani gurbinta.

Sai dai kwamfutar ta zo fanko, babu babbar manhajar da ke tuƙa ta. A dajin nan kuwa ko murfin tukunya ba a sauyawa sai majalisa ta zauna. Don haka ranar Juma'a da hantsi Tabawa ta ɗauko kwamfutar a ka, Hansai na biye, suka nufi gindin tsamiya.

Kunkuru, shugaban majalisa, ya gaishe da kowa da sunansa da sunan kakansa, sannan ya ba Dila dama.

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, manhajar Gama-gari za a sa. Da ita kowa yake aiki. Gaskiya takan leƙa abin da kake yi, kuma takan tsaya gyaran kanta daidai lokacin da kake sauri. To amma wa ya taɓa mutuwa don an leƙa shi?"

Bushiya ta miƙe, ƙayoyi a tsaye. "Haba Dila, ko kunya! 'Yantacciya za a sa, manhaja ce ta kyauta, babu mai leƙen ka. Ni wata uku na yi ina fama kafin ta yarda ta yi sauti, kuma wallahi na ƙaru. A bar yarinya ta sha wuya ta yi ilimi."

Hansai ta ɗaga hannu. "Baba, wasan nawa fa..."

"Yara a ƙarshe," in ji Kunkuru, ko kallonta bai yi ba.

Aka tashi salla, aka dawo, aka ɗora daga inda aka tsaya. Dila da Bushiya, Allah ya sani, babu wanda ya taɓa riƙe abin buga wasa a hannunsa, amma har kumfar baki suke yi. Hansai sai duban inuwar tsamiya take yi, tana tsawo. Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, don Allah, la'asar ta kusa."

Kunkuru ya yi gyaran murya. "Kwantar da hankalinki, Tabawa. Ba za a tashi da ɓacin ran kowa ba. Yadda muke watanda da salla, a kasa nama kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa, haka za a yi da cikin kwamfutar nan. Kaso ɗaya na Gama-gari, ɗaya na 'Yantacciya, ɗaya na shugaba don ajiye hotunan taro."

Wuri ya ɗauki tafi. Biri mai gyara ya zauna ya rarraba, kuma da yake mai fiɗa ba ya tashi hannu banza, ya yanki wani lungu ya zuba waƙoƙinsa.

Aka miƙa wa Hansai. Ta danna don ta sauke wasan. Allo ya rubuta: babu isasshen wuri. Ta sake dannawa, haka. Tana kan na uku ladan ya kira la'asar, sai saƙo ya shigo wayarta: an ba ɗan Bodari gurbinta. Ita ba ta yi kuka ba. Tabawa ce ta rufe fuska da mayafi, damina biyun nan suna yi mata zafi a ƙirji.

Kunkuru ya ce, "To, yanzu lokacin yara ne. Hansai, da magana?"

"Baba, wasan a Gama-gari kaɗai yake tashi, kuma yana son wuri mai yawa. Abin da na so in faɗa ke nan."

"Ikon Allah! To me ya hana ki faɗa tun da safe?"

A rahoton taro aka rubuta cewa matasan zamani ba sa buɗe baki a majalisa, aka kuma kafa kwamitin dattawa ya binciko dalili.