An Yi wa Kududdufin Lakkwal Wanka

Jiya na bar tulin buhunan albasa a kasuwa, na hau kabu-kabu zuwa lakkwal, makarantar ɗiyata Jannatu, don an gayyaci iyaye bikin buɗe "tafkin karatu". Mun sha rana har ƙeyata ta dahu kafin Mai Girma Uban Cigaba ya iso da jerin motoci.

Tafkin nan fa ba sabo ba ne. Kududdufi ne a bayan aji, inda Malam Manzo mai koyar da kimiyya yake kai ɗalibai da rariya da kwalabe, su kamo talibambam da 'ya'yan mazari, su ga wa ke cin wa a ƙarƙashin kainuwa. A kansa za a yi musu jarrabawa ƙarshen wata. Jannatu ta hana mu sakat a gida da labarin talibambam ɗinta da suka fara fidda ƙafafu.

To, manya suka leƙo ana jibi biki, suka ce subhanallahi, wannan ƙazanta za a nuna wa baƙo? Aka kwashe ruwan, aka shafe ramin da siminti, aka yi masa shuɗin fenti, aka cika da ruwan tanka. Wani mai kishin ilimi ya ƙara da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Sai aka sayo tarwaɗa a bakin kogi aka zuba, don hoto.

Gaskiya ya yi kyau. Mai Girma ya yanke ƙyalle, aka tafa. Tarwaɗar ma sun nuna ladabi, sai da motoci suka tashi sannan suka juyo ciki sama.

Jannatu ta zura rariya, ta ɗago ta wayam. Ta yi kuka, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Malam, yanzu mi za ka koya musu?"

Ya ce, "Su taho gobe da rariyarsu. Ramin ga na tsakiyar hanyar unguwarku, akwai kwaɗi, akwai gansakuka, har bado ya fara fitowa."

Hanyar nan tun ina saurayi ake alkawarin gyara ta. Yau da safe na tarar da aji guda durƙushe a bakinta, masu babura suna kewaye su.

Maƙwabcina Awal ya ce mu roƙi Allah kada a gyara ta kafin jarrabawa. Na ce masa ya adana addu'arsa, wannan kam manyanmu ba za su ba mu kunya ba.