Tef ɗin Matata da Babbar Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wa surukina wanka a tsakiyar lambunsa ba, yana sanye da babbar riga, a gaban mutane. Har yau idan na ji ƙarar injin ban ruwa sai ranar ta faɗo mini a rai.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Gumel. Bara waccan aka kawo mana wata firinta wadda ba takarda take bugawa ba, abu take ƙerawa. Zaren roba take narkarwa tana shimfiɗa shi layi kan layi, kamar mai ginin tukunya, har abin da ka zana a kwamfuta ya tashi ka ɗauka da hannunka. Tunda na'urar nan ta zo kaina ya kumbura. Ko gaisuwa aka yi da ni sai na san yadda na jawo zancenta (har a wajen ta'aziyya na taɓa yi, Allah ya yafe mini).

Surukina, mahaifin matata Balaraba, manomin rani ne a Gagarawa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda shekara shida ina auren 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ranar wata Laraba na je gaishe shi, na cire takalmi na durƙusa, sai na ji yana faɗa wa maƙwabcinsa cewa wuyan robar da ke haɗa tiyo da injinsa ya fashe. Tsohon inji ne, an duba Gumel an duba Maigatari babu irinsa, ga tattasai ya fara fure, kwana biyu bai sha ruwa ba.

Mai hankali zai ce Allah ya kawo mafita ya yi shiru. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai ƙaramin abu ne. Ku ba ni fasasshen, zan ƙera muku sabo zuwa Asabar."

Ya ce, "Ƙerawa, Malam?"

"Ƙerawa, Baba."

"To, Allah ya ba da iko."

Ranar Alhamis na auna fasasshen da ma'aunin ƙarfe na ɗakin kimiyya, na zana shi tsaf. Bututu ne kawai, sai wani ɗan tudu da ya zagaye shi wajen tsakiya, wanda shi ne ke riƙe tiyo idan ruwa ya taso da ƙarfi. Juma'a da safe na kunna na'ura. Aikin awa biyar ne. Ta yi awa uku tana tafiya lafiya, ina zaune a gefe ina tsara irin godiyar da za a yi mini, sai ɗif, aka ɗauke wuta.

Kafin a dawo da ita na'urar ta manta inda take. Ga rabin bututu a tsaye a kan farantin na'urar, ga zaren robar da ya rage ba zai isa a sake daga farko ba. Amma ni gwani ne, na san akwai hanya. Ba ka taɓa abin daga inda yake. Sai ka auna tsayin da ya kai, ka buɗe fayil ɗin umarni ka goge duk layukan da aka riga aka gina, ka sauko da bakin na'urar ya taɓa saman abin, ka ce mata ga inda kike, ci gaba. Duk aikin ya rataya a kan awo.

Matsalar ita ce Mista Gyang, mai kula da ɗakin kimiyya, ya kulle ma'aunin ƙarfen tare da fasasshen wuyan, ya tafi Sule Tankarkar da makullin a aljihu. Na hau babur na nufi gida. Balaraba tela ce, na tarar tana kan keke tana ɗinki, tef ɗinta na awo rataye a wuya. Ko sallama ban ƙarasa ba na zare shi.

"Abban Hanifa, ina za ka kai mini tef? Tsaya in faɗa maka, tef ɗin nan..."

"Balaraba, aikin injiniyoyi ne wannan, ba ɗinkin zani ba."

Haka na faɗa, da bakina. Ta bi ni da kallo, ta ce, "To, injiniya, a dawo lafiya," ta ci gaba da taka kekenta.

Na tsayar da tef a kan faranti, na karanta lambar da ke sama, milimita sittin da biyu. Ƙasa kuwa ko kallo ban yi ba. Na goge layuka, na ɗumama faranti, na sauko da bakin na'ura a hankali, na danna. Wallahi ta ɗora kamar ba a taɓa tsayawa ba. Da ta gama na juya bututun a hannuna, ko alamar haɗi babu. Sumul yake daga sama har ƙasa, kuma sumul ɗin nan shi ya fi burge ni (ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba).

Asabar da hantsi na isa Gagarawa. Ban san Baba ya faɗa wa mutane ba. Manoma kusan goma na tarar a lambun, sun zo ganin abin da surukinsa ya ƙera da kwamfuta. Shi kansa ya sa farar babbar riga da hula, saboda daga nan zai wuce ɗaurin aure. Da na ga idanu a kaina sai na ƙara gishiri. Na ba da labarin ɗauke wuta, na ce na'ura ta mutu a tsakiyar aiki na tashe ta, na ɗaga bututun sama na ce duk wanda ya gano wurin haɗin zan ba shi babur ɗina.

Wani tsoho, Malam Idi, ya karɓa ya shafa da babban yatsa. "Malam, na da kamar yana da ɗan tudu a nan."

"Wannan na zamani ne, Baba," na ce wa Malam Idi.

Aka ɗaura, aka cusa tiyo. Baba ya matso ya sunkuya don ya gani da kyau. Aka ja igiyar inji, ya yi tari ya kama. Na ga tiyo ya cika, ya miƙe, ya fara zamewa a hankali. Ban gama buɗe baki ba ya fice fit, ruwan rijiya mai laka ya daki Baba a ƙirji. Hular ta tashi ta faɗa cikin kwamin albasa. Tiyon kuma ya dinga juyi a ƙasa kamar maciji, kowa ya samu rabonsa, amma Baba ne ya sha na farko da na ƙarshe.

Aka kashe inji. Ni ban san lokacin da na durƙusa a cikin taɓo ba, takalmina a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya matse gefen rigarsa, ya dubi tattasansa, ya ce a hankali, "To, Malam, ni dai na sha. Saura su."

Nan dariyar ta ɓarke. Malam Idi ya yanko tsohuwar robar tayar keke ya naɗe tiyon tam a kan bututuna, aka sake tada inji, ruwa ya bi kwami lafiya lau. Abin da kwamfuta ta kasa, robar taya ta gama shi a minti uku. Baba dai bai je ɗaurin auren ba.

Labari ya riga ni isa gida. Balaraba ta karɓi tef ɗinta ta nuna mini bakinsa. Ashe tun da daɗewa dutsen guga ya ƙone shi, ta yanke santimita ɗaya ta kalmashe wurin, kullum tana cirewa a lissafinta. Ni kuwa na faɗa wa na'ura ta kai inda ba ta kai ba, ta tsallake santimita guda cif, kuma a cikinsa tudun yake.

"Shi nake son faɗa maka," ta ce. "Amma ai ba ɗinkin zani ba ne."

Da aka samo sabon zare na sake ƙera wuyan, wannan karon da tudunsa. Tattasan ya yi, har Baba ya aiko mana da kwando, ya ce a bai wa mai tef. Ni dai na koyi cewa idan ka ari kayan aikin mutum, ka tsaya ya ƙarasa maganarsa. Baba bai taɓa tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya. Sai dai har yau, duk ranar da na ce zan raka shi lambu, sai ya shiga ɗaki ya cire babbar riga tukuna.